Rijiyar da Niyandu Ya Haƙa a Tudu

Mu mutanen Dallol Boso akwai mu da raina ruwa, kuma ba laifinmu ba ne, haka muka tashi muka tarar. Kwarin nan na Dallol da ya gangaro tun daga arewa, wajen ƙasar Buzaye, ya miƙe har Bumba inda ya faɗa kogin Kwara, tsofaffi sun ce mataccen kogi ne. Ruwansa bai tafi ko'ina ba, nutsewa ya yi ƙarƙashin yashi ya kwanta. A zamanin da nake ba ku labari, in kana son rijiya sai ka fara tono da hantsi, kafin azahar ka yi alwala da ruwanta. Goruba ta rufe sama, rake da rogo da dankali a ƙasa, shanun Fulani suna kai da kawowa, kanwa kuma tana fitowa a fuskar ƙasa fari fat kamar an zubar da gari. Yanzu in na faɗa wa yaran yau yawan gorubar da ke tsakanin Birnin Gaure da Falmai, sai su kalli juna su ce tsufa ya fara taɓa ni.

A nan aka haifi Niyandu, a wani ƙauye da ake kira Sunna Kwara, a shekarar fara. Uwarsa ta ce farar ta cinye gero har da karansa, da ɓawon goruba da ganyen daji aka yi jegonsa. Ubansa kuwa bai san shi sosai ba. Nasara sun kwashe shi aikin dole na hanyar Doso zuwa Yamai, ya dawo da tari a ƙirji, bai daɗe ba ya rasu. Don haka Niyandu a bayan jaki ya girma. Mata su kankare ƙasar kanwa, su tace, su dafa, su dunƙula, shi kuma ya ɗaura wa jakai ya bi kasuwanni, yau Harkanasu, jibi Koigolo, wani mako ya gangara kudu har ya jiwo ƙarnin kifin Bumba. Tsawon kwarin nan ya san shi kamar yunwar cikinsa. Faɗinsa ne bai taɓa damunsa ba. Jajayen duwatsun da suka tokare gabas, inda tudun Zigi ya fara, da na yamma, inda Fakara take, a wurinsa katanga ce Allah ya yi wa mutane, kuma bai ga abin da zai sa mai hankali ya haura ta ba.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ga gardama, ga cika baki. In ya ce jakin nan fari ne, ko baƙi ne ƙirin gara ka bar shi. Matarsa Gambi ce kaɗai ke iya masa, ita ma da dariya take yi, ba da musu ba.

'Yarsu ta fari ita ce Mintu. Kun dai san yadda ɗan fari yake. Niyandu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, in ta shigo da ruwa sai ya kau da kai ya kama gyaran igiya. Amma duk Sunna Kwara an san raken da ya fi zaƙi a mangalarsa nata ne. Sai ya miƙa wa Gambi ya ce, "A ba yara," Gambi kuwa ta san yaran da ake nufi. Yana son yarinyar nan fiye da ransa, kunya ce kawai ta ɗaure masa baki, kamar yadda ta ɗaure na ubanninmu duka.

Da ta isa aure, wani saurayi Siddo, ɗan Tondi Banda da ke kan tudun Fakara, ya sauko sayen rake. Ta gan shi ta so shi, shi ma haka, aka yi biki aka haura da amarya ta bayan jajayen duwatsu. Daga nan gidan Niyandu ya yi masa faɗi. Tondi Banda wuni guda ne a ƙafa, amma uba ba ya zarya gidan 'yarsa, balle 'yar fari, sai dai mutuwa ko wani babban sha'ani. Me zai ce ya kawo shi? Sai ya zauna da yamma yana fuskantar yamma, in Gambi ta tambaye shi ya ce hadari yake dubawa, ko da kuwa tsakiyar rani ne.

Da cikin farko ya tsufa, Mintu ta dawo gida haihuwa. Ran nan ta durƙusa ta ajiye masa ƙwaryar fura, idonsa ya faɗa kan hannunta. Tafin duk ya yi kanta, ya tsattsage, wani wurin ya warke wani wurin ɗanye. Ya sha furar, amma bai ji ɗanɗanonta ba. Sai da ta shiga ɗaki ya ce da Gambi, "Waccan, me ya sami hannunta?"

Gambi ta ce, "Igiya ce, Malam. Garinsu ba rijiya, sai sun je garin gaba. Su fita da sassafe su dawo rana tsaka. Ta ce ka yi ta ja, ka yi ta ja, har ka manta abin da kake ja."

Ya ce, "Ragwanci ne. Mutanen tudu ba su iya neman ruwa ba. A ce gari guda da maza a ciki, an rasa mai tona rami?"

"To ai sai ka je ka koya musu."

Da wasa ta faɗa, shi kuwa ya riƙe. Bayan an yi suna, mai jego ta gama wanka ta koma, aka gama girbi, sai ya ɗauki dagi da fartanya da wata igiya da yake ɗaurin kaya da ita, ya kora jaki ɗaya. A bakin ƙofa ya ce da Gambi kada ta ba kowa tuwonsa na ran Juma'a.

Ya haura duwatsu ya tarar da wata duniya: jar ƙasa mai tsakuwa, sabara da geza iya ganinka, babu goruba ko ta magani. Samarin Tondi Banda duk sun tafi cin rani can kudu, ƙasar Kurmi, har da Siddo, sai tsofaffi da mata. Uban Siddo, wani dogon tsoho mai ban dariya da ake kira Bonkano, shi ya tarbe shi a gindin bishiya.

Bayan sun gaisa Bonkano ya ce, "Suruki, lafiya dai? Ko kwaɗo ne ya yi ɓatan kai ya hawo wurin ƙadangaru?"

Niyandu ya ce, "Rijiya na zo in haƙa muku, sadaka, don Allah da Annabi."

"Madalla. Ina igiyarka?"

Ya nuna masa. Bonkano ya ɗaga ta ya duba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya ce, "Wannan ai ta ɗaure akuya ce, ita ma ƙarama. Suruki, kakana ya gwada, ubana ya gwada. Nan in ka ji ana cewa ruwa yana ƙasa, to ƙasan lahira ake nufi."

Niyandu ya ce, "Ku dai ku nuna mini inda ruwan sama ke kwanciya da damina."

Aka kai shi wata 'yar kwazazzaba a bayan gari, inda ƙasa ta ɗan dare, ga wani gawo a tsaye. A Dallol duk inda ka ga haka, ruwa yana nan bai wuce ƙugu ba. Ya tuɓe riga ya yi bisimilla. Azahar ta yi ta wuce. Juma'a ta zo ta wuce, wata Juma'ar ma ta bi ta. Ƙasa ta ƙare ya ci karo da marmara, dagi yana buga wuta, bakinsa ya lanƙwashe sai da aka kai shi maƙera. A lokacin ne ya gane Bonkano ba zolayarsa yake yi ba, kuma ya gane baki shi ke yanka wuya. In ya koma gida yanzu, har jikokinsa sai an yi musu waƙa a kasuwa.

Amma ba wannan ne ya riƙe shi ba. Da ramin ya wuce tsayin mutum, dole a sami mai jan kwandon ƙasa daga sama. Matan gari suka riƙa karɓa-karɓa, da suka ga abin ba na ƙarewa ba ne suka zame ɗaya bayan ɗaya, ya rage Mintu da goyonta. Wata rana ya cika kwando ya ɗaga kai, sai ya ga fuskarta a bakin ramin, sama a bayanta. Ya waiga don ya kau da ido kamar yadda ya saba, sai ya tuna ba kowa a ramin sai shi. Wa zai gan shi? Ya kalle ta son ransa. A watan nan ya ga 'yarsa fiye da duk ganin da ya yi mata tun ranar da aka haife ta. Kuma ya san abu ɗaya sarai: muddin rijiyar nan ba ta ƙare ba, yana da abin da zai ce ya kawo shi Tondi Banda.

Haka ya zama masa al'ada. Da an ɗaure gero ya haura, da hadari ya fara haɗowa ya sauko ya yi shuka. Da damina kuma in ya dawo gona ya zauna yana tufka igiyar kaba, kowace shekara a ƙara mata tsawo. Fataucin kanwa ya koma na jefi-jefi. Gambi takan ce, "Jakanka sun yi ƙiba har sun fara yi wa mutane kallon raini." In ya ce aikin Allah ne, ta ce, "Na sani, Malam. In ka je ka gaishe mini da aikin Allah, ka ce na aiko mata da daddawa."

A Tondi Banda, rumfa aka yi masa kusa da ramin, don ba zai kwana gidan suruki ba. Bonkano yakan zo da hantsi ya zauna a kan tarin ƙasa, ya leƙa ya ce, "Kwaɗo, ka gamu da kakana a can ƙasa? In ka gan shi ka ce dagin da ya bari muna nema." Niyandu ya amsa daga ciki, "Na gan shi, ya ce jikansa har yanzu ba ya aikin komai sai surutu." In tsohon ya gaji ya tafi, sai wurin ya rage uba da 'ya da igiya.

Da farko maganarsu ba ta wuce biyu ba. Ya ce, "A ja." In ta juye ta ce, "An ja." Amma rami mai zurfi yana da wani hali, mutum yakan ji kamar ba a duniya yake ba. Sannu a hankali Niyandu ya fara magana yana sara, wai da bango yake. Ya ba bangon labarin yaƙe-yaƙen da aka yi a kwarin nan tsakanin Zabarmawa da Fulani zamanin kakanni, yadda gari kan tashi a wuni ɗaya, har wasu suka gudo tudu suka gwammace ƙishirwa da mashi. Ya ba shi labarin shekarar gari, da aka riƙa kawo garin rogo daga kudu mutane suna jiƙawa suna sha har ciki ya kumbura. Ya faɗi yadda raƙuman dawa ke saukowa kwari da rani su ci gawo, da damina su haura tudu, ya ce su kaɗai ne suka iya zama da ɓangarorin biyu ba a yi musu gori ba. Muryar takan fito sama da amo, Mintu tana zaune a baki tana ba yaro nono tana saurare.

Wata rana sai ta ce, "A tambayi mai rijiya, gorubar nan ta bayan ɗakin Inna tana nan?"

Ya ce, "A ce tana nan. Bana har ta fi bara 'ya'ya."

Wata rana kuma shi ne ya ce da bango, "Akwai wani mutum, yana kasuwar Koigolo aka zo aka ce masa matarsa ta sauka, an sami mace. Ya ce to, ya ci gaba da awo. Da mai saye ya tafi, ya zaga bayan jakansa ya rungume wuyan ɗaya yana kuka kamar wawa." Ya buga dagi sau biyu ya ce, "A ja." Ranar kwandon ya daɗe kafin ya motsa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Jar ƙasa ta ƙare aka shiga fara, fara ta ƙare aka shiga wata rawaya mai tauri. Yaron da ke goye ya yi ƙane, ƙanen ma ya yi ƙanwa. Siddo in ya dawo kan saka hannu kafin damina, ya kafa itace mai ƙarfi a baki don sauƙin ja. Rami ya yi zurfin da bakinsa ya koma kamar faifai, iska ta yi nauyi, sai an riƙa kaɗa ganye daga sama kafin mutum ya yi numfashi. Gemun Niyandu ya yi fari. Bonkano da kansa ya daina tsiya, ya ce, "Suruki, ka bari haka nan. Mun gani, mun gode, kada ka bar mana gawa a rami." Niyandu ya ce shi ba ya barin aiki rabi.

Abin da ke cin ransa, wanda bai faɗa ko wa bango ba, shi ne hannun nan na Mintu da ya kawo shi. Da safe Mintu ta je garin gaba ta ja ruwa, da ta dawo ta zo ta ja ƙasa. Ya zo ya rage mata igiya ɗaya, ga shi ya ƙara mata ta biyu. Yana son ruwan ya fito saboda ita, kuma yana tsoron ranar da zai fito saboda kansa.

Ranar ta zo da hantsi, ana dab da bazara. Ya ɗaga dagi ya buga, maimakon ya ji tauri sai ya ji ya shige lumus. Ya durƙusa ya sa hannu, yashi ne mai sanyi, ya dunƙula ya ga ya riƙe. Wani ƙamshi ya taso, irin na ƙasar Sunna Kwara da asuba. Ɗan Dallol ba a gaya masa wannan. Ya zauna daɓas ya jingina da bango.

Daga sama aka ce, "An ji shiru. Lafiya?"

Ya ce, "Lafiya. Hutawa ake yi."

Ba wanda ya gani sai Allah. Yana iya rufe wurin ya koma sassaƙar gefe, ya ce faɗaɗawa yake, ya ci wannan rani da na baɗi. Kuma ya fara, don kwando ɗaya ya cika da busasshiyar ƙasar bango ya aika, ya cika na biyu ma ya aika. Da igiya ta dawo ya kama zai kwance kwando, sai ya ji danshi a kaba. Ya ɗaga wajen ɗan hasken da ke saukowa, ya ga jini ne, inda tafinta ya sake tsagewa.

Ya daɗe yana riƙe da igiyar. Sannan ya durƙusa ya ɗebi jiƙaƙƙen yashin da hannu biyu, ya cika kwando har ya yi tozo, ya ce, "A ja."

Kwando ya tafi yana juyawa har ya toshe hasken. Ya jira ya ji an ce an ja, bai ji ba. Can sai wata mata da ke wucewa ta hango abin da ke cikin kwandon ta rangaɗa guɗa, gari ya ɗauka. Aka taru aka tarar da Mintu a durƙushe, hannunta cikin yashin, tana kuka ba ƙaƙƙautawa. Matan suna bubbuga bayanta suna cewa ai dole, wahala ta ƙare, kukan daɗi ne.

Kafin damina ta sauka ruwa ya taru garau. Aka jera itatuwa a baki, aka yanka akuya aka yi sadaka, mutanen garuruwan kusa suka zo gani. Bonkano ya fara sha, ya goge baki ya ce, "Jama'a, ku shaida, daga yau na daina cin naman kwaɗo." Aka yi dariya, Niyandu ma ya yi, amma iyakarta leɓe. Ana ta sa masa albarka, shi kuwa ji yake kamar an yi masa rasuwa.

Washegari ya ɗaura wa jakinsa dagi da fartanya, ya bar musu igiya. Tsofaffi suka rako shi bakin gari, mata suna biye daga nesa. An yi addu'a an shafa, ya juya zai kama hanya, sai aka ji murya daga cikin matan.

"Baba."

Ya tsaya, bai waigo ba. Rabon da ta kira shi kai tsaye a gaban mutane tun tana tatata.

Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta ce, "Rijiyar nan na ga kamar tana zubar da yashi. In ba a yashe ta duk rani, za ta cike."

Mutane suka kalli juna. Duk wanda ke tsaye a nan ya san rijiyar da aka fafe cikin dutse takan yi shekara da shekaru ba ta nemi yasa ba. Wani dattijo ya buɗe baki zai faɗa, Bonkano ya taka masa ƙafa, ya gyara murya ya ce, "Gaskiyarta. Ni ma da na leƙa jiya ban yarda da gindinta ba. Kuma mu nan, suruki, ka san mu, ba mai shiga ramin da bai haƙa ba."

Niyandu ya kama gyaran ɗaurin kayan da ba abin da ya same shi. Ya ja nan, ya matse can. Da ƙyar ya ce, "To, aikin da mutum ya fara ai ba ya bar wa wani. In Allah ya kai mu bayan girbi."

Haka kuwa aka yi. Duk rani sai ya haura, a sake kafa masa rumfa, ya sauka ya fito da ɗan yashin da bai cika ƙwarya ba, ko wani tsohon guga da ya tsinke, ya ce bai gama dubawa ba, ya zauna har hadari ya haɗo. Bonkano ya rasu, Gambi ta rasu, bai fasa ba. Shekarar da gwiwa ta hana shi sauka ma ya zo, a kan jaki, aka kama shi aka zaunar a bakin rijiyar. Ya leƙa ciki ya daɗe, sannan ya ce da wadda ke tsaye a bayansa, ba tare da ya juyo ba, akwai sauran aiki, sai baɗi.

Ta ce, "Allah ya kai mu, Baba."

Bai kai baɗin ba.